Aiki daga gida: Yadda masu sana'a ta intanet za su tsira daga kaɗaici

A Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari da ke Kano, ɗan kasuwa ba ya rasa abokin hira. Ga maƙwabcin rumfa, ga masu ciniki, ga masu zuwa gaisuwa. Amma matashin da ke zana tambarin kamfani, ko fassara takardu, ko rubuta manhaja daga ɗakinsa ta shafuka irin su Upwork da Fiverr, yana iya wuni cur bai yi magana da kowa ido da ido ba.

Wannan sana'a tana ƙara jan matasa maza da mata a arewacin Najeriya, musamman saboda sau da yawa da dala ake biya. Sai dai kaɗaicin da ke tattare da ita ba a cika maganarsa ba.

Yadda zumunci ke yankewa

Babban dalili shi ne bambancin lokaci. Najeriya na gaban birnin New York da awa 5 ko 6, gwargwadon lokacin shekara, tana kuma gaban California da awa 8 ko 9. Idan mai ba da aiki a California ya shiga ofis da tara na safe, a nan la'asar ta yi sakaliya ko ana dab da magariba. Mai yi masa aiki sai ya koma kwana a farke, da rana kuma barci.

A hankali sai ya fara rasa ɗaurin aure da suna da gaisuwar rasuwa. Majalisar ƙofar gida ta daina ganinsa. Wasu a unguwa su ɗauka zaman kashe wando yake yi, wasu ma su yi masa zargin damfara ta intanet, shi kuma ya ƙara janye jikinsa.

Ga mata lamarin ya ɗan bambanta. Gida cike yake da mutane, amma da yawa ba sa ganin wadda ke gaban kwamfuta a matsayin mai aiki, don haka aike da girki ke cinye lokacinta, ba ta kuma da wanda za ta tattauna matsalar sana'arta da shi.

Lafiya ma na cikin haɗari

A watan Mayun 2023, babban likitan gwamnatin Amurka na wancan lokaci, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa rashin cuɗanya da mutane na ƙara haɗarin mutuwa da wuri kamar shan sigari har kara 15 a rana. A watan Nuwamba na shekarar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman kan wannan matsala.

Ga mai aikin kansa, illar tana taɓa aljihu ma. Babu shugaban da zai tambaye shi inda ya kwana, babu abokin aikin da zai ƙarfafa masa gwiwa idan aka yi makonni ba a samu aiki ba. Da zarar kasala ta shiga, sai a fara saɓa alkawari, taurarin da masu ba da aiki ke bayarwa su ragu, aikin kuma ya ƙara nisa.

Abin da ke taimakawa

Na farko shi ne iyakance lokaci. A faɗa wa mai ba da aiki tun farko sa'o'in da za a same ka, a kuma ware rana guda a mako domin dangi. Mai zuwa masallaci yana da dalilin fita sau biyar a rana, kuma tsayawa a gaisa bayan an idar ba ɓata lokaci ba ne.

Na biyu, a riƙa fita da aikin waje ko da sau ɗaya a mako. Akwai cibiyoyin zaman aiki irin su CoLab a Kaduna da Startup Kano, inda ake haɗuwa da masu sana'a iri ɗaya. Inda babu cibiya, mutum uku ko huɗu na iya haɗa kuɗin man janareta ko sola su riƙa zama a shago ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, wannan ma sauƙi ne ga aljihu.

Na uku, a samu abokin da za a riƙa yi wa bayanin abin da aka ƙudura kammalawa a mako, shi ma ya faɗi nasa. Kunyar a tambaye ka ka ce ba ka yi ba tana tashin mutum daga kan katifa.

Akwai kuma koyar da wani. Wanda ya ɗauki ƙanensa ko ɗan maƙwabci yana nuna masa zane ko fassara ya samu abokin zama, ya kuma samu mai rage masa aiki idan ya yi yawa. Unguwa ma a nan take gane cewa abin da ake yi a ɗakin nan sana'a ce.