Malamai Suna Gwajin Iska

Ba yara kaɗai ke koyo ba. Lokaci-lokaci malaman makarantun da ke kusa da juna sukan taru wuri guda don su ƙara wa juna sani. A ranar, malamai ne ke zama bisa bencin ƴan makaranta. Ɗaya daga cikinsu ya fito gaban allo ya nuna gwaji, sa'an nan kowa ya tashi ya yi da hannunsa. Wanda bai taɓa yin abu ba, da wuya ya koya wa wani shi daidai.

A ƙasar Nijar, an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, a shekara ta 1973. Malaman irin waɗannan makarantu suna da aiki biyu: su iya gwajin, su kuma nemo kalmomin Hausa da za su bayyana shi.

Kayan aikin ba su da tsada: bokitin ruwa, kofin gilashi, babbar kwalba mai faɗin baki, takarda, kwali, kyandir da ashana. Ga gwaji uku da ake yi a kan iska.

Gwaji na farko: kofin da ba kome ciki

Ana dunƙule takarda a cusa ta can gindin kofi. A kifa kofin, a danna shi tsaye cikin bokiti har ya nutse. In aka fiddo shi, takardar tana nan a bushe. Me ya hana ruwa shiga? Iska ce ta riga ta cika kofin. In aka karkata shi cikin ruwa, sai a ga iskar tana fita ɓul-ɓul, ruwa ya maye gurbinta. Ashe iska tana cin wuri, ko da ido ba ya ganinta.

Gwaji na biyu: ruwan da ya ƙi zuba

Ana cika kofi da ruwa maƙil, a rufe bakinsa da guntun kwali. A dafe kwalin da tafin hannu, a juya kofin, sa'an nan a janye hannu a hankali. Kwalin ba ya faɗuwa, ruwan ba ya zuba. Dalili kuwa, iska tana da nauyi, tana kuma tura abubuwa ta kowane gefe, har daga ƙasa zuwa sama. A kan wuri ɗan ƙarami, mai santimita 1 a tsawo da santimita 1 a faɗi, turin iska ya kusan kai nauyin kilo 1. Ruwan kofi bai isa ya rinjaye shi ba. Wani masani ɗan ƙasar Italiya, mai suna Toriceli, shi ya auna wannan turi a shekara ta 1643.

Gwaji na uku: kyandir cikin kwalba

Ana kunna kyandir biyu. Ɗaya a kifa masa kofi, ɗaya a kifa masa babbar kwalba. Na cikin kofi shi ke fara mutuwa, na cikin kwalba ya ɗan jima, shi ma ya mutu. Iska gauraye take. Cikin kashi 100, wajen kashi 78 wata iska ce da ake kira azot, kashi 21 kuma oksijan. Wuta ba ta ci sai da oksijan. Da ya ragu cikin kwalba, sai ta mutu. Mutum da dabba su ma da shi suke numfashi.

Malamai sukan daɗe a kan wannan gwaji, don ya shafi rai. Lokacin ɗari, wasu mutane kan shiga ɗaki da garwashin gawayi, su rufe ƙofa da taga su kwanta. In gawayi yana ci inda iska ba ta wadata ba, yakan fidda wata iska mai guba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana sa ciwon kai da jiri da amai, tana iya kashe mai barci bai sani ba. Saboda haka ba a kwana da garwashi cikin ɗaki rufe. In an tarar da wanda ta buga, a buɗe ƙofa, a fitar da shi waje, a kai shi likita maza-maza.

Bayan taro kowane malami ya koma makarantarsa, ya sa yara su yi gwajin da kansu. Yaron da ya gani ya gane, shi zai kai labarin gida.

Tambayoyi

1. Me ya sa takardar ba ta jiƙe ba?
2. Wane kyandir ya fara mutuwa? Don me?
3. Me za a yi wa wanda iskar gawayi ta buga?

Aiki

Ku yi gwaji na farko da na biyu a gida. Na uku kuwa, sai a gaban malam ko wani babba.