Bargon Da Ke Ƙarƙashin Bonet: Uwargida, Yaushe Rabon Da Ki Duba Shi?

Yaushe rabon da ki tsaya a gaban motar gidanku, a ɗaga bonet, ki leƙa? Na san amsar yawancinmu: wannan ai aikin maigida ne ko na direba. Ni ma haka nake cewa, har zuwa wata safiyar Litinin a tsakiyar zafin bazarar bara.

Na taso daga aikin dare, na biya gida na kwashi yara uku zan kai su makaranta. Muna cikin cunkoso sai babbar 'yata ta ce, "Umma, ƙauri nake ji." Na gangara gefen titi na kashe mota, na fitar da su. Da bakanikenmu ya iso ya ɗaga bonet, sai ga wani abu kamar tsohon bargo ya saki daga jikin murfin, ya jiƙe sharkaf da baƙin mai, gefensa ya kwanta a kan ƙarfen salansa ya fara babbakewa.

"Sista, Allah ne ya kiyaye," in ji shi. "Tun yaushe motar nan ta ƙara ƙara?"

Na yi shiru. Ta fi wata uku. Abin da nake yi kawai shi ne in ƙara muryar rediyo.

Mene ne wannan bargon?

A wurare biyu ake sa shi. Na farko a manne yake a cikin murfin bonet, 'yan maɓallan roba ne suke riƙe da shi. Na biyu yana jikin bangon ƙarfen da ya raba inji da inda kike zaune, wato bayan dashbod, daidai saitin ƙafafunki. Ana yin su da zaren gilashi, ko auduga da aka matse, ko wani soso na musamman mai jure zafi, wani lokaci da fallen gorar ruwa mai ƙyalli a fuskarsa.

Na bonet yana shanye wani kaso na ƙarar inji, yana kuma tsare fentin bonet daga zafi. Idan kika ga fenti ya koɗe ko ya tsattsage a tsakiyar bonet, ki sa a duba ƙasansa. Na bangon kuwa shi ne ya fi rage ƙara da zafin da ke iso ku a cikin mota.

Yawancin motocinmu tokumbo ne, sun sha shekaru a wata ƙasa kafin su iso mu. Ga zafinmu da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga masu wankin inji da ke feshe shi da ruwa mai ƙarfi. Ɓera ma, in ana ajiye mota kusa da buhunan hatsi, nan yake yaga ya yi sheƙa. A haka bargon yake ruɓewa, maɓallan su karye, ya fara reto.

Me ya shafe mu mu iyaye?

Abu na farko wuta ce. Ƙarfen salansa da ke fitowa daga jikin inji yakan kai zafin digiri ɗaruruwa. Bargon da ya sha mai ya zama tamkar lagwanin fitila, jira kawai yake ya taɓa wurin.

Na biyu ƙara. Hirar yau da kullum takan kai desibel 60, ma'aunin ƙarfin sauti ke nan. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa 8, daga nan kunne yake fara cutuwa. Gaskiyar magana, lalacewar bargo kaɗai da wuya ta kai motarki can. Amma tana gajiyar da mai tuƙi, ta sa ki ƙure rediyo, ki kasa jin hon ɗin mai babur, ko jiniya, ko yaron da ya shaƙe da alewa a kujerar baya. Gwaji mai sauƙi: idan sai kin ɗaga murya na kusa da ke yake jinki alhali gilasai a rufe suke, da gyara.

Na uku shi ne ya fi tayar min da hankali a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Bangon nan yana da ƙananan ramuka da wayoyi da bututun AC suke bi, kowanne da robar da ta toshe shi. Sau da yawa mai gyaran waya zai cire robar, ya yaga bargon ya zura waya, bai mayar ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan salansa tana yoyo a cikin inji, ta nan hayaƙi zai riƙa shigowa. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi. Yara sun fi saurin kamuwa domin sun fi mu saurin numfashi, haka ma ɗan da ke ciki. Idan yaranki suna kukan ciwon kai duk lokacin da aka yi tafiya, ya kuma lafa in sun sha iska a waje, kada ki tsaya a kan "ai mota ce ba ta karɓe su ba". A duba salansa. Wanda ya galabaita ko ya rikice, a fitar da shi iska, a wuce asibiti nan take.

A gano cutar kafin a rufe ta

A asibiti ba ma ɗaure miki sai mun wanke shi mun ga zurfinsa. Haka nan mota. Sabon bargo zai iya ɓoye ƙarar da take gaya miki akwai matsala. Don haka kafin a sayo komai, ki ce wa bakanike ya tayar da inji ya saurara. Ƙarar "tik-tik-tik" da safe wadda take raguwa in inji ya ɗau zafi, sau da yawa yoyon salansa ne. Ƙara mai kama da fito kuwa yawanci fambel ne. Sannan ya nemo inda mai yake tsatsa. A tawa motar gasket ɗin saman inji ne ya mutu. Da an sa sabon bargo ba a canza shi ba, da cikin 'yan watanni ya sake jiƙewa.

Me za a saya?

Wanda aka yi wa irin motarki shi ne ya fi, domin ramukan maɓallansa za su zo daidai. A Kano akan nema a Ƙofar Ruwa, a Kaduna kuma a Panteka. Idan na hannu ne, ki sa a shinshina, a matsa: kada ya yi warin mai, kada ya marmashe. Idan ba a samu ba, akwai na yankawa mai fuskar gorar ruwa, amma a tabbatar na ɗakin inji ne, an rubuta a jikinsa yana jure zafi.

Abin da ba za ki yarda da shi ba ko kyauta ne: soson katifa, kafet, kwali, ko ragowar ledar ɗaki. Wani mai ɗinkin kujerun mota zai ce miki, "Hajiya, ai duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne. Soson katifa yana kama wuta cikin ƙiftawar ido, hayaƙinsa kuma guba ne. Da a sa shi gara a bar bonet ɗin tsirara har a samu na kirki. Araha ba ta ado.

Ranar aikin

Na bonet ba ya cin lokaci. Ki tsaya a yi a gabanki, ki lura da waɗannan:

A bari inji ya huce sarai, a ɗauki hoton tsohon da waya kafin a taɓa shi.

Mai cirewa ya sa safar hannu da takunkumi, domin zaren gilashi yana sa ƙaiƙayi da tari. Yara su yi nesa.

Idan an ga kashin ɓera, kada a share shi a bushe ko a hure shi. A yayyafa ruwan bilic ya jiƙa tukuna, sannan a kwashe. Ta fitsari da kashin ɓera zazzaɓin Lassa yake yaɗuwa.

A wanke cikin murfin a cire maiƙo, a bari ya bushe. In na yankawa ne, a ɗora tsohon a kai a fitar da girmansa.

A sa sababbin maɓallai. Gam kaɗai yakan saki a zafin garinmu.

A rufe bonet a sake buɗewa, a tabbatar bai taɓa salansa ko fambel ba, bai danne tiyon ruwan wanke gilashi ba. Mai ƙyallin nan kada ya kusanci kan batir, domin yana ɗaukar lantarki.

Na jikin bango ya fi wahala, wani lokaci sai an sassauta dashbod, don haka a ba wanda ya ƙware. Ko ba a canza shi ba, ki dage a mayar da robar kowane rami.

In har ta faru

Idan kika ga hayaƙi yana fitowa ta bonet, ki tsaya, ki kashe inji, ki fitar da yara tukuna, jaka da waya su biyo baya. Ku yi nisa da motar da kuma titi. Kada ki wangale bonet, iska ce abincin wuta. Tukunyar kashe gobarar da jami'an kiyaye haɗurra suke tambaya a hanya, ki duba kwanan watanta, ki kuma koyi yadda ake zare fil ɗinta tun kafin ranar buƙata.

Ranar da na karɓo motata, muna hanya autana yana ba ni labarin makaranta daga kujerar baya, na ji kowace kalma ba tare da na ce "me ka ce?" ba. A lokacin na gane tsawon watannin da na yi ina amsa masa da "to" alhali ban ji shi ba.

Gobe da safe, kafin a tayar da mota, ki ce, "Baban yara, ɗaga min bonet ɗin nan in ga wani abu." Minti biyu ya isa. Ki dawo ki gaya mana abin da kika tarar. Allah Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, amin.