Ranar ƙauyawa: yadda ƙwarya da tabarma suka dawo gidajen birni

A ƴan shekarun nan, kafin ɗaurin aure, ƙawayen amarya a Maraɗi, Damagaram da Yamai kan ware yini guda su mayar da tsakar gida tamkar ƙauye. Shi ake kira ranar ƙauyawa, salon da ya yi tashe a biranen arewacin Najeriya kafin ya tsallako iyaka.

A ranar, akan kwashe kujerun roba, a shimfiɗa tabarmi, a rataye faya-fayai a bango, a jera tulunan Mirriya, garin da ke kimanin kilomita 20 daga Damagaram. Ƴan mata kan ɗaura zanen saƙi, su sha kwalli da lalle. Maimakon lemun kwalba, fura da nono ake damawa a ƙwarya, a sha da ludayi. Ga zoɓo, ga dambun zogale, alkaki da kilishin Madawa.

Masu saƙa da magina tukwane na samun ciniki, ƴan uwa da ke Abijan ko Faransa kuma na kallon shagalin ta WhatsApp.

Sai dai bikin ƙari ne a kan anko, kayan ɗaki da gara, kuma wasu iyayen da bashi suke rufe shi. Akwai kuma masu ƙorafin cewa wasu matasan na mayar da shigar abin ba'a ga mutanen karkara, alhali furar da ake ɗauka a hoto, geronta daga gonakinsu ya fito.