Agogo da Takardar Kuɗi: Soyayyar Yarinta a Finafinan Telugu

Duk wanda ya taɓa tsayawa shagon masu tura fim a Kankiya ko Kusada ya san abin da ake rububi: Indiya-Hausa, irin fassarar Algaita ta Kano. Abin da yawancinmu ba mu lura ba shi ne, da dama daga cikin finafinan nan ba na Hindi ba ne. Na Telugu ne, harshen jihohin Andhra Pradesh da Telangana, cibiyarsu Hyderabad. Can ne gidan su Allu Arjun da Prabhas.

Masu shirya su na da wata dabara da ba ta tsufa. Fim zai buɗe da yara biyu suna wasa, sai a raba su. A Manasantha Nuvve na 2001, yarinya 'yar masu hali ta bar wa abokinta talaka ƙaramin agogo da za su bar gari. Da ta girma, sai ta riƙa buga labarinsu a mujalla ko zai karanta. A Hello na 2017, lambar waya ce ta rubuta masa a takardar Rufi 100, ɓarawo ya fizge, ya yi shekara fiye da goma yana nema.

Me ya sa take kama mu? Yaro ba ya duba dukiya ko asali, don haka ba ma zargin shaƙuwarsa. Cikin 'yan mintuna darakta ya saye zuciyarmu, saura bibiya kawai. Kuma rabuwar ba baƙuwa ba ce a nan. Waye cikinmu bai rasa abokin zama a benci ba, an yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki zuwa Katsina, ko an tura shi karatun allo, ko an aurar da ita kafin mu gama sakandare?

Inda muke jayayya da su shi ne ƙarshen. A fim mutum ba ya canzawa, tsawo kawai yake ƙarawa. Mu kuwa mun haɗu da tsofaffin abokai ranar sallah, bayan gaisuwa magana ta ƙare. Shi ya sa Jaanu na 2020 ya fi zama mana a rai: Sharwanand da Samantha sun haɗu a taron tsofaffin ɗalibai, ita da aurenta. Suka yi hirar da ba su yi ba a makaranta, ya raka ta filin jirgi, ta koma gidan mijinta.