Ko Kun Sani? Murar da Ke Sauka Ƙirji

Mura mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwenza, ƙwayar cuta ce ta bairos ke kawo ta, kuma ta bambanta da murar yau da kullum domin takan zo farat ɗaya da zazzaɓi da ciwon jiki da busasshen tari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara, mafi yawansu bayan cutar ta sauka huhu.

Haɗarin ya fi yawa ga mata masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi daga shekara 65, da masu asma ko ciwon suga ko ciwon zuciya. A garuruwa irin su Rimaye da ke ƙasar Kankiya, inda hunturu ke cika ɗaki da ƙura kuma ake rufe ƙofa a kwana kusa da garwashi, wanda ya fi cancantar a sa wa ido shi ne yaro mai sikila, wato amosanin jini, domin mura na iya tayar masa da ciwon ƙirji mai hana jini samun isasshiyar iska. Idan numfashinsa ya yi sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko ya ƙi shan nono ko ruwa, wajibi ne a kai shi asibiti a ranar, ba tare da jiran maganin kemis ya yi aiki ba.