Ɗalibin Likita da Ɗalibar Nas a Gaban Gado Ɗaya

Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho a asibiti ya san wannan wahala. Bara mun kwana tara da wata gwaggonmu mai ciwon sukari a wani asibiti. Gwaggo Hausa kaɗai take ji, nas ɗaya ce kuma ke jin Hausa a ɗakin. Ita gwaggo ta gaya wa cewa tana shan wani jiƙo a ɓoye. Sai da aka kwana uku kafin maganar ta kai kunnen likita, shi kuwa yana ta canza magani yana mamakin yadda sukarin ya ƙi daidaita.

Ba mu ce mugunta ba ce. Mu malaman makaranta mun san cewa abin da yaro ya saba a aji shi yake ɗauka zuwa wurin aiki. Likita ya yi karatunsa daban, nas da ungozoma daban, mai haɗa magani ma daban, sai ranar kama aiki a ce su haɗa kai. Ina suka koya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi magana a kan wannan tun 1988, ta sake fitar da tsari a 2010: ɗaliban sana'o'i biyu ko fiye su yi karatu tare, kowa ya koya daga ɗan'uwansa, ya kuma san aikinsa. A garin Linköping na ƙasar Suwidin an buɗe wani ɗakin majinyata a 1996 don haka kawai. Ɗaliban likita, na nas da masu gashin ƙashi su ke riƙe ɗakin har mako biyu, malamansu na sa ido. Tare suke tsara jinya, tare suke miƙa aiki. Wanka da ciyar da majinyaci ma kowa na yi, har mai shirin zama likita. Wannan ne ya fi burge mu, domin wanda ya taɓa gyara wa mara lafiya shimfiɗa da wuya ya raina maganar nas.

Mu ma nan Gana muna da tushe. Jami'ar UDS ta Tamale, wadda aka kafa a 1992, ta yi suna wajen tura ɗalibai daga sassa daban-daban su zauna ƙauye rukuni-rukuni a zango na uku na shekarar karatu. A Ho kuma akwai jami'ar kiwon lafiya da aka kafa a 2011, inda sana'o'in ke ƙarƙashin inuwa ɗaya. Amma zama harabar makaranta ɗaya daban, tsayawa gaban gado ɗaya daban. Na biyun muke roƙon a yawaita.

Saura mu iyaye a Zango. Yarinya ta samu gurbin karatun nas, sai ka ji ana cewa ai likita ta so, ba ta samu ba. Ranar da aka sallami gwaggo kuwa, nas ɗin nan ce ta zauna ta karanta mata takardar magani da Hausa, layi bayan layi.