Motar lantarki mai ƙarfi: wolt 400 ko wolt 800?

Kuran da NIGELEC ke kawo mana gida wolt 220 ne. Manyan motocin lantarki kuwa batirinsu ya zarce haka nesa: galibinsu wolt 400, waɗansu 800. Wannan zaɓe shi ke yanke nauyin mota, da tsadarta, da daɗewarta wurin caji.

Ga lissafin. Ƙarfin inji shi ne wolt sau amfer. Injin kilowat 200 a kan wolt 400 yana jan amfer 500, amma a kan wolt 800 amfer 250 sun ishe shi. In aka rage amfer da rabi, zafin da ke tashi cikin waya ba rabi yake komawa ba, rubu'i ne. Don haka sai a sa waya siririya, jan ƙarfe ya ragu, caji ya yi sauri. Kamfanin Porsche na Jamus ya bi wannan hanya a 2019 da motarsa Taycan, Hyundai na Koriya ta Kudu ya biyo da Ioniq 5 a 2021.

Sai dai wahalar tana wurin akwatin sarrafa inji. Shi ne ke karɓar kuran batir mai tafiya hanya guda, ya mayar da shi kuran mai kai da komowa, ta hanyar taranzistoci masu buɗewa da rufewa sau dubbai cikin daƙiƙa. Batirin wolt 400 yana wadatuwa da taranzistocin da ke jure wolt 650 ko 750. Na 800 kuwa sai masu jure 1200, domin kowace rufewa tana harbo wolt sama da na batir. Wanda ya sa akwati daidai wuya, ba rata, ranar da ya taka mota da kaya a hawa sai hayaƙi. Tun 2017 Tesla ta sa taranzistocin silikon-kabaid cikin Model 3. Sun fi jure zafi, abin da ɗan Tawa ko Damagaram ba zai rena ba a watan Afrilu, amma sun fi tsada.

Akwai kuma tashoshin caji: da yawa don wolt 400 aka gina su, dole motar 800 ta ɗauki na'urar ɗaga wolt.

Makanikai su lura: kuran batir da ya wuce wolt 60 ana lissafa shi cikin mai haɗari. Shi ya sa ake rufe manyan wayoyin da roba ruwan lemo.